Tsohon Fil Na Zinariya Da Lu'ulu'u A Kasuwar Alkahira: Ma'anarsa Da Yadda Ake Gane Shi

Duk wanda ya ɗan daɗe a unguwarmu ta Ainu Shams ya san cewa cikin hidimomin da baƙi daga gida suka fi ɗora mana akwai rakiya zuwa kasuwar gwal. Wani zai zo ganin likita, wata za ta zo duba ɗanta da ke karatu a Azhar, amma kafin su koma sai an ce a kai su inda ake sayar da zinariya. Sarƙa da ɗan kunne da warwaro kowa ya san su. Abin da mutanenmu ba su cika sani ba shi ne ɗan ƙaramin fil ɗin ado na zamanin da, wanda ake maƙalawa a ƙirjin riga ko a bakin mayafi, wanda Misirawa ke kira burosh ko dabbus. A kansa nake son yin bayani, domin irin wannan fil yana da daraja iri biyu, ta nauyi da ta saƙon da ke jikinsa, kuma wanda bai san ta biyun ba yana iya yin asara ko ya sha kunya.

Abin da ya faru da ni

Shekarun baya yayata ta aiko min da kuɗi daga Kano, ta ce in haɗa mata gwal ɗin da za a sa a lefen ɗanta. Na sayi sarƙa da zobba, sai ɗan canji ya rage. A wani shago da ke sayar da tsofaffin kaya na ga wani fil mai siffar ƙwai, an kewaye shi da ƙananan lu'ulu'u, gefensa da wani baƙin shafe mai sheƙi irin na jikin kwanon samira, wanda a nan ake kira mina. Ya yi min kyau ƙwarai, na saya ba tare da na tsaya juya shi ba. Da na dawo unguwa na nuna wa wani dattijo maƙerin zinariya da muke sallah masallaci ɗaya. Ya sa madubinsa a ido, ya juya bayan fil ɗin, sai ya ce min, "Ɗana, wa ya rasu?" Na ce, "Baffa, ai na amarya ne." Ya nuna min wani ɗan gilashi a bayan, wanda na ɗauka zare ne aka saƙa a cikinsa. Ashe gashin mamaci ne, kuma ƙaramin rubutun Turancin da ke gefe na tunawa da wanda ya mutu ne. Fil ɗin zaman makoki na sayo zan sa a akwatin aure. Dole na cika kuɗin yayata daga aljihuna, kuma da na je sayar da shi kuɗin nauyin zinariyarsa kawai aka ba ni, wanda bai kai rabin abin da na biya ba. Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan kaya.

Asalinsa

Mafi yawan irin wannan fil da ake gani a tsofaffin shaguna an ƙera su ne a Ingila da Faransa a ƙarni na 19 da farkon na 20, musamman zamanin Sarauniya Biktoriya wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Ita kanta tana cikin waɗanda suka yaɗa wannan yayi. Zoben alkawarin da Yarima Albat ya ba ta siffar maciji gare shi, da dutsen zumurrudu a kansa, sannan ana gobe ɗaurin aurensu a watan Fabrairun 1840 ya ba ta fil mai babban shuɗin yakutu, ta sa shi a rigar bikin. Bayan an gano zinariya mai yawa a Kalifoniya a 1848 da Ostireliya a 1851, sannan a 1854 gwamnatin Ingila ta halatta zinariya mai karat 9 da 12 da 15, sai kayan suka yi sauƙin kuɗi, har ƙaramin ma'aikaci ma yana iya saya wa budurwarsa. Birnin Bamingam shi ne ya zama babbar maƙerarsu.

A wancan zamani saurayi ba ya samun damar buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa a gaban iyayen yarinya, don haka sai a sa maganar a jikin abin ado. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mu ma idan aka kai goro da kayan na-gani-ina-so gidan yarinya, an yi magana ke nan ko da ba a ce uffan ba.

Da Yarima Albat ya rasu a watan Disambar 1861, sarauniya ta shiga baƙaƙen kaya har ƙarshen rayuwarta, kayan ado na makoki kuma suka ƙara yawaita. Shi ya sa fil ɗin soyayya da na mutuwa suka fito daga maƙera ɗaya, da zinariya ɗaya da lu'ulu'u ɗaya, kuma a yau ana ajiye su a faranti ɗaya a shago.

Yadda suka iso Alkahira

Bayan buɗe mashigin Suwes a 1869 da mamayar Ingila a 1882, Turawa sun cika Alkahira da Iskandariyya. Akwai Girkawa da Italiyawa da Faransawa da Ingilishi, ga kuma Armeniyawa waɗanda suka yi suna a ƙirar zinariya. Unguwar Misrul Jadida da ke maƙwabtaka da mu, wadda Baron Emfan ɗan ƙasar Beljiyam ya fara ginawa a 1905, tana cikin wuraren da suka zauna. Matan manyan Misirawa su ma suka ɗauki yayin, maƙeran gida kuma suka riƙa kwaikwayon ƙirar. Bayan juyin mulkin 1952 da yaƙin Suwes na 1956 da yawa daga cikin waɗannan baƙi suka bar ƙasar, kayansu suka shiga kasuwa.

Gidan sarauta ma haka. Idan ka hau jirgin metro daga tashar Ainu Shams ka nufi tsakiyar gari, tasha ta huɗu ita ce Sarayal Kubba. A fadar da ke nan ne kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon kayan da Sarki Faruk ya tara, a 1954, bayan an tuɓe shi. Abin da gwamnati ta riƙe na kayan adon zuriyar Muhammad Ali yana gidan tarihi na kayan adon sarauta da ke unguwar Zizinya a Iskandariyya, a tsohuwar fadar Gimbiya Faɗimatuz Zahra'u, wadda aka mayar gidan tarihi a 1986. Wanda yake son idonsa ya saba da aikin gaske, ya ware yini guda ya je can.

Ma'anar alamomin

Ga waɗanda aka fi cin karo da su.

Jinjirin wata. Mutanenmu sukan ɗauka alamar Musulunci ce, ko ta tutar Masar ta zamanin sarauta mai wata da taurari uku. A wajen maƙeran Ingila ma'anarsa sabuwar rayuwa ce. Idan aka sa ɗan fure a cikin jinjirin, to kyautar ango ce ga amarya a watan farko na amarci, abin da Misirawa ke kira shahrul asal.

Maciji, musamman wanda ya naɗe ko ya kama wutsiyarsa da baki. Yana nufin ƙauna wadda ba ta da ƙarshe. A wajenmu kuwa ba kowace suruka ce za ta yi murnar ganin maciji a akwatin 'yarta ba, sai a kula.

Ƙulli. Igiya biyu ta zinariya da aka sarƙe ba a ganin bakinta, kusan irin dagin da muke gani a jikin gine-ginenmu da aikin riguna. Ma'anarsa zumuncin da ba ya kwancewa.

Tsattsewa. Tsuntsuwa ce da Turawa suka sani da komawa sheƙarta kowace shekara, don haka matafiyi ko ma'aikacin jirgin ruwa ke ba da ita, wato zai dawo. Idan biyu ne, ma'aurata ke nan.

Hannu biyu suna musafaha, alkawari ne. Zuciya da kwaɗo da ɗan mabuɗi, wato an ba da amanar zuciya. Takalmin ƙarfe na doki, fatan sa'a ne. Ɗan shuɗin fure mai ganye biyar, sunansa a harshensu yana nufin kada a manta da ni, kuma ana sa shi a na soyayya da na makoki duka, saboda haka shi kaɗai ba ya raba gardama.

Jerin duwatsu masu launi dabam-dabam. Wani lokaci ba don kyau kaɗai aka jera su ba, harafin farko na sunan kowane dutse a Turanci ake haɗawa ya ba da kalma. Wadda aka fi sani ita ce Regard, mai duwatsu shida, ma'anarta girmamawa da ƙauna, sai Dearest mai duwatsu bakwai, wato mafi soyuwa.

Kalmar Mizpah. An ɗauko ta daga labarin Annabi Yakubu da kawunsa a littafin Yahudu da Kirista, kuma ana ba da fil mai ita ga masoyin da tafiya za ta raba shi da nasa, a matsayin addu'ar Allah Ya tsare.

Anga da gicciye da zuciya a haɗe. Wannan alama ce ta addinin Kirista, ta imani da fata da ƙauna. Sau da yawa gicciyen ƙarami ne ya ɓoye a jikin angar, sai an duba sosai.

Na makoki kuma ana gane shi da baƙin mina, ko baƙin dutse mara nauyi, da gashi a bayan gilashi, da suna da kwanan wata a baya. Farin mina a irin wannan fil yakan nuna yaro ne ko wadda ba ta yi aure ba ta rasu. A nan lu'ulu'un hawaye yake nufi, alhali a fil ɗin amarya tsarki da kamun kai yake nufi.

Game da lu'ulu'u

Mu Hausawa mukan ce lu'ulu'u ga abu biyu, na teku da kuma dutsen daiman, wanda Larabawa ke kira almas. A kasuwar nan idan ka ce lu'ulu'u, na teku za a kawo maka, wato wanda ke fitowa daga cikin kawa, wanda Alƙur'ani ya ambata tare da murjani a Suratur Rahman. Wanda ke jikin tsohon fil yawanci ƙanana ne kamar ƙwayar gero ko dawa, wasu ma an raba su biyu an dasa. Kafin ƙarni na 20 daga tekun Fasha, wajen Baharain da maƙwabtanta, da kuma tekun da ke tsakanin Indiya da Sirilanka ake nutso a ɗebo mafi yawansu. A 1893 Kokichi Mikimoto na Japan ya yi nasarar sa kawa ta yi lu'ulu'u ta hanyar dasa mata wani abu a ciki, kuma a farkon shekarun 1920 na kiwo masu cikakken zagaye suka shiga kasuwannin Turai. Cikin shekarun 1930 sana'ar nutso ta durƙushe. Amfanin sanin wannan shi ne, fil ɗin da aka ƙera kafin 1900 in ba a canja masa ƙwayoyi ba, lu'ulu'unsa ko dai na asali ne ko na gilashi, ba zai zama na kiwo ba.

Gwajin da kowa zai iya shi ne ya goga ƙwayar a hankali a gefen haƙori. Ta gaske za ka ji ɗan gantsi-gantsi kamar yashi, ta gilashi ko roba santsi gare ta. Amma wannan ba ya raba na asali da na kiwo, sai an kai ɗakin gwaji an ɗauki hotonta da na'ura.

Hatimi da karat

Zinariyar da Misirawa suka fi saye, kuma mutanenmu suka fi so, ita ce karat 21, wadda ake rubuta wa 875, sai karat 18 mai 750. A Masar hukumar hatimi da ma'auni, wato Maslahatud Damga, ita ke buga tambari, kuma tilasta shi ya faro tun 1916. A jikin zinariyar ƙasar za ka ga ɗan tsuntsun teku da lambar karat da alƙaluman Larabci, a jikin azurfa kuma furen bado, wanda ya maye gurbin hoton kyanwa a 1946.

Na Ingila dabam ne. Anga a cikin hatimi tana nufin an gwada shi a Bamingam, kan damisa kuma Landan. Da yawa daga ƙananan ba su da cikakken hatimi, sai dai 9CT ko 15CT. Wannan na biyun shaida ce mai kyau, domin an daina karat 15 da 12 a Ingila a 1932, aka maye gurbinsu da 14. Na Faransa mai karat 18 kan gaggafa ake buga masa, tun 1838. A duba bayan fil ɗin kuma. Na ƙarni na 19 maƙalinsa ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne kawai kamar ƙugiya, allurarsa takan zarce gefen fil ɗin, domin tufafin lokacin masu kauri ne. Maƙali mai ɗan kulle da ake murzawa daga farkon ƙarni na 20 ya yaɗu. Idan an ce maka fil ya shekara 150 amma ka ga irin wannan kulle, ko dai an gyara shi ko ba a faɗa maka gaskiya ba.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a biya

Mu gwal ajiya ce a wajenmu. Uwa takan saya wa 'yarta don ranar da za a shiga matsi, kuma a wasu gidaje da sisin gwal ake biyan sadaki. Wanda ya zo da wannan niyya, tsohon fil ba nasa ba ne. Ɗauki abu mai giram 4. In karat 21 ne, tsantsar zinariyar da ke ciki giram 3.5 ce. In karat 15 ne giram 2.5 ce, in kuwa karat 9 ne giram 1.5 kacal. Ranar sayarwa maƙeri zai cire nauyin lu'ulu'u da gilashi da allura in ta ƙarfe ce, ba zai biya kuɗin aiki ba, wanda a nan ake kira masna'iyya, balle kuɗin tsufa. Abin da ya same ni ke nan.

Haka kuma wanda ya gaji irin wannan fil, ko ya same shi da araha, kada ya yi gaggawar kai shi a narka. Mai sayen tsofaffin kaya yana iya biyan fiye da kuɗin nauyi idan hatimin ya fito, ƙwayoyin sun cika, kuma ba a lalata bayansa da dalma ba. Idan aka narka shi, giram biyun nan kaɗai za su rage.

Ga masu haɗa lefe, ya kamata a san cewa abin da ya yi kama da shi a nan shi ne shabka, wato zinariyar da saurayi ke kai wa budurwa lokacin baiko, kuma sabuwa ake saya, iyalan biyu su je shago tare. Shagunan unguwa irin na nan Ainu Shams da Maɗariyya wannan ne cinikinsu. Tsohon kaya sai a Saga, layin maƙeran zinariya da ke titin Mu'izz kusa da Khanul Khalili, da wasu shagunan tsakiyar gari da Zamalik. Daga nan sai ka hau metro zuwa tashar Shuhada, ka canja zuwa Ataba, ka bi titin Muski da ƙafa. Wannan birni ya daɗe da sanin zinariyar ƙasashenmu, domin a nan ne Mansa Musa na Mali ya yi ta rabonta a hanyarsa ta hajji a 1324 har farashinta ya faɗi.

Doka da shari'a

Dokar kayan tarihi ta Masar mai lamba 117 ta 1983, wadda aka yi wa gyare-gyare daga baya, tana iya ɗaukar abin da ya haura shekara 100 kuma yake da darajar tarihi ko fasaha a matsayin kayan tarihi, kuma fita da irin wannan daga ƙasa laifi ne babba. Don haka a karɓi rasiɗi mai bayanin nauyi da karat da hatimin shago, kuma a tambayi hukuma kafin a nufi filin jirgi da abin da ake zaton ya kai waɗannan shekaru. Duk wanda ya tare ka a lungu ya ce yana da kayan gidan sarauta ko na Fir'auna, ka yi gaba abinka.

Ta fuskar addini, zinariya ado ce ta mata, ba ta halatta namiji ya sa ba. Wanda zai ba da tsohon gwal ya karɓi sabo ya tuna cewa musayar zinariya da zinariya sai nauyi ya zo daidai kuma hannu da hannu, shi ya sa ya fi sauƙi a sayar da tsohon a karɓi kuɗi, sannan a sayi sabon. A mazhabarmu ta Malikiyya kayan adon da mace ke sawa babu zakka a kansu, amma wanda aka saya don kasuwanci hukuncinsa dabam, nisabi kuma miskali 20 ne, kimanin giram 85. Batun siffar tsuntsu ko maciji a jikin abin ado kuwa, Allah Ya hore mana malamai a cikinmu, sai a tambaye su.

Kula da shi

Lu'ulu'u ba ya shiri da tsami. Tsohon marubucin Rum, Filini, ya kawo labarin cewa Sarauniya Kiliyobatara ta narka ƙwaya guda a ruwan khal ta shanye don ta burge Antoniyo. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, gaskiya ne tsami yana cin lu'ulu'u. Ga matanmu babban haɗarin shi ne turare. A fesa turare, a shafa humra, a gama turara jiki da kaya, sannan a maƙala fil, in an dawo kuma shi za a fara cirewa. Kada a jiƙa shi a ruwa, domin ruwa yana shiga ƙarƙashin rababbun ƙwayoyin ya baƙanta su ko ya ɓamɓare su. A goge da ƙyalle mai laushi, a ajiye shi shi kaɗai a 'yar jaka don kada sarƙa ta karce shi. Allurarsa mai kauri ce, tana yaga siririn mayafi, ta fi dacewa da atamfa ko shadda ko abaya mai nauyi.

Shawarata ga duk wanda za mu raka kasuwa ita ce, kafin ka tambayi farashi ka juya bayan fil ɗin, ka nemi hatimi, ka karanta rubutun ko ka sa a karanta maka, ka san abin da alamar ke faɗi. Ni da na yi haka tun farko, da ban biya kuɗin makaranta da aljihuna ba. Daga baya na samo wa amaryar wani ƙarami mai jinjirin wata da fure, na kuma rubuta wa yayata ma'anarsa a takarda, ta karanta wa dangin amarya ranar kai lefe. Wanda ke da irin wannan kaya yana son a duba masa, ya same mu a taron ƙungiya, za mu haɗa shi da wanda ya san aikin. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin.